Layi na Uku a Takardar Yaya

Ka gan ta. Kada ka ce ba ka gan ta ba. Ita ce matar nan da ta tsaya gabanka a kantin magani da safar hannu ta ulu ana tsakiyar zafi, ka dubi safar, ka yi ɗan murmushi, ka mayar da ido kan wayarka. Ko ke ce kika miƙa mata leda ta kasa kamawa, ledar ta faɗi, kika ce a ranki wannan akwai yanga? Na san kun kau da kai. Ni ma na kau, ni da muke kwana ɗaki ɗaya da ita.

Yayata ce. Tela ce ta kayan mata. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gida, ta kafa kekenta a bakin tagar ɗakinmu. Shekara goma sha ɗaya ta ba ni, don haka rabin rainona ita ta yi. Ita take mini kitso har na shiga jami'a, ta matse kaina tsakanin gwiwoyinta tana cewa, "Auta, wannan kan naki boko ya cika shi, ko tsaga ba ta samun wurin zama." Yatsunta dogaye ne masu sauri. In tana ɗinkin hannu ba ka ganin allurar, sai dai ka ga bakin zane yana rufewa kamar da kansa.

Daga yatsun ciwon ya fara. In ta taɓa ruwan sanyi sai su yi fari fat, su koma shuɗi-shuɗi, sannan su ɗauki zugi. Umma ta ce sanyi ne. Mai kantin magani ya ce sanyi ne. Ni da nake aji uku ina karanta ƙididdigar lafiya na ce, "Yaya, ke dai faɗi gaskiya, wanke-wanke ne ba kya so." Shekara biyu muna cewa sanyi. Kafin mu kai ta ga likitan da ya san abin, fatar hannunta ta ɗame tana sheƙi kamar leda, yatsun sun lanƙwashe, bakinta ya tsuke har babban cokali ya daina shiga.

Likitan ya zaunar da mu ya yi bayani. Ya ce garkuwar jiki, wadda aikinta korar cuta, ita ce ta juyo tana yaƙar mai ita. Cututtuka ne da dama 'yan gida ɗaya: wata ta fi cin gaɓoɓi, wata ƙoda, wata fata. Ta Yaya mai taurara fata ce, kuma ba a fata take tsayawa ba, har huhu takan shiga. Tana da dogon suna a bakin likitoci, mu dai a gida taurin fata muke cewa.

Yaya ta ce, "Wato mai gadin ne ya zama ɓarawon."

Likita ya yi dariya ya ce zai ari maganar nan.

Ɗaki ɗaya asibitin ya ware wa masu irin wannan ciwo, a ƙarshen baranda, ranar Alhamis kaɗai, da benci biyu a ƙofa. Shekara huɗu Umma tana raka ta, har ta san duk matan bencin da 'ya'yansu da halin mazajensu.

Yaya ba ta bar ɗinki ba. Takan maƙale allura tsakanin babban yatsa da gefen manuni ta yi kalmasa, ta sa maɓalli. Abin da ya gagare ta shi ne zura zare. Saboda haka kowace safiya kafin in fita, sai in zura mata allura ashirin in soke su a wani ɗan matashi da ta ɗinka da ƙyalle.

"Fari shida, baƙi shida, sauran ki yi mini hankali. Kuma ki daina yanke zaren gajere kamar na gadonki ne."

Da yamma in na dawo sai ta nuna mini matashin da haɓa. "Yau sha huɗu na ci." Aka yi watanni sai ya koma goma. Ya koma shida. Ta ce in daina wahala, in riƙa zura goma kawai. Tari ya zo, numfashi ya fara yi mata wuya ko daga gado zuwa taga. Ranar da muka kai ta asibiti ta kwanta, uku ta ci cikin goma. Bakwai ɗin suna nan a matashin da zarensu. Umma ba ta yarda kowa ya taɓa.

A lokacin na riga na samu aiki a wannan asibitin, a ɗakin ajiyar fayil da ke ƙasan bene. Babu taga, sai ƙamshin tsohuwar takarda da fanka ɗaya mai ƙara. Shugabanmu wani dattijo ne da muke kira Baba Mai Makulli, saboda damin makullan da ke rataye a ƙugunsa, ana jin tahowarsa tun daga matakala.

Bari in gaya muku yadda aikin yake, don a nan abin ya ɓaci. In mutum ya rasu, likita yana cike takarda mai layi uku. Layi na farko, abin da ya tsayar da rai. Na biyu, abin da ya kawo wannan. Na uku, tushen ciwon, wanda ya faro komai. Ni aikina in duba layin ƙarshe da aka cike, in ba shi lambarsa in shigar a na'ura. Daga waɗannan lambobin ake haɗa rahoton shekara, a ce ga abin da ke kashe mutane. In likita ya gaji ya tsaya a layi na biyu, to na biyun zan shigar.

Ran da na fara aiki Baba ya ce mini, "'Yata, magatakarda ba likita ba ne. Abin da aka rubuta shi za ki shigar. In likita ya ce kada ne ya cinye mutum a kan gadon asibiti, ki nemi lambar kada."

Kwana takwas bayan rasuwar Yaya na koma aiki, na tarar da fayil ɗinta a tarin da ke kan teburina. Kaurinsa ya kai bulo. Na buɗe takardar. Layi na farko: numfashi ya tsaya. Na biyu: nimoniya. Na uku babu komai, fari tas.

Baba ya gani ya miƙo hannu. "Kawo in yi wannan."

Na ce, "Bar shi, Baba, aikina ne."

Na shigar da nimoniya. Na rufe fayil ɗin na mayar da shi kan kantar ajiya. Na gaya wa kaina doka na bi. Amma gaskiyar ita ce nimoniya ta fi mini sauƙi. Nimoniya baƙuwa ce, ta zo cikin sati ta tafi da mutum, babu laifin kowa. Ɗayan sunan kuwa yana ɗauke da shekara shida, har da biyun da na yi ina yi mata tsiya a kan wanke-wanke.

Shekara uku suka wuce. Aka kira taron rahoton shekara a babban ɗakin sama, mai sanyin na'ura da kujeru masu laushi. Shugaban asibiti ya haska zane a bango, layi biyu. Ɗaya yana hawa: sababbin masu irin ciwon Yaya da danginsa, daga mutum tara a shekara sun kai talatin da ɗaya. Ɗayan yana kwance a ƙasa kamar macijin da aka kashe: waɗanda ciwon ya kashe cikin shekara uku, mutum huɗu.

Ya ce, "Kun gani? Masu zuwa suna ƙaruwa, amma ba sa mutuwa. Wannan nasara ce." Aka yi tafi. Sannan ya ce tun da haka ne, ɗakin Alhamis ba ya buƙatar zama shi kaɗai. Za a ba wani sashe ɗakin, matan su riƙa bin layin kowa da kowa. Kwamiti zai yanke a ƙarshen wata.

Likitan Alhamis, wanda ya ari maganar Yaya, ya miƙe. Furfura ta cika masa kai yanzu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, in ba sa mutuwa, to ina matan nawa suke tafiya? Ina rubuta musu ranar dawowa, ba sa dawowa."

Wani daga baya ya ce, "Ƙila sun warke ne, Likita. Ka cika ƙwarewa." Aka yi dariya.

Ni ban yi ba. Ni na zana zanen nan. Hannuna ne ya ja layin da ke kwance, kuma na san aƙalla mutum ɗaya da ba ta cikinsa.

Sati biyu na bar cin abincin rana. Na ɗauko rajistar ɗakin Alhamis, na ɗauko takardun rasuwa na shekara ukun, ina bin suna ɗaya bayan ɗaya. Wannan an rubuta mata ƙoda ta gaza. Wannan zuciya. Wannan nimoniya. Layi na uku fari, fari, fari. Na samu ashirin da uku. Da Yaya ashirin da huɗu.

Na kai wa Baba jerin. "Baba, ƙarya muke aikawa sama! Shekara da shekaru! Bari in gyara su yau ɗin nan."

Ya saka tabarau ya karanta a hankali, ya cire. "Ko ɗigo ba za ki taɓa ba."

"Amma ga shi ƙiri-ƙiri!"

"Na gani. Ni ma ba makaho ba ne. Amma gyaran takardar mamaci hanya ɗaya gare shi. Ɗan'uwansa na kusa, wanda sunansa ke kan kati, shi zai nema a rubuce. Sannan likitan da ya cike ya duba fayil ya sa hannu."

"To in kira iyalansu. Ga lambobin wayarsu nan a kati."

"Ki kira su ki ce me? Kin buɗe sirrin matattunsu kin karanta? Kafin la'asar an kore ki, an haɗa da ni, ga ni saura shekara ɗaya in huta." Ya mayar mini da takardar. "Cikin duk waɗannan, ɗaya ce taki. Ki fara da taki."

Sunan Umma ne a katin Yaya.

Ranar Asabar da hantsi na same ta a ɗakinmu tana ɗiga wa keken Yaya mai. Ba mai hawansa, amma duk wata sai ta goge shi. Na zauna a bakin gado na yi mata bayani tiryan-tiryan, har da layi mai hawa da layi mai kwanciya.

Ba ta ɗago ba. "Kwananta ne ya ƙare, Auta."

"Na sani, Umma. Amma abin da aka rubuta ba shi ne ya kashe ta ba."

"To in an sake rubutawa za ta taso ta hau keken nan?"

"Umma, wannan sakacin namu ne yake kashe mu! Kowa ya ce a bari, a bari, shi ke nan sai a rufe ɗakin, sai wata ta zo da yatsu farare a ce mata—"

"Rage murya. Ba a ɗakin taronku kike ba." Ta goge hannunta da tsumma. "Ke komai sai kin mai da shi lamba. Ni 'yata na rasa. Ki bar mini ita ta huta."

Idona ya sauka kan ɗan matashin da ke kan taga. Rana ta ci launin zaren, jan ya koma ruwan hoda, amma bakwai ɗin suna tsaye yadda na soke su. Na ji ina son in ji muryar nan ta ce na yanke zare gajere. Ko sau ɗaya.

Can Umma ta ce, "Da kika ce za a rufe ɗakin, malamar makarantar nan fa, mai baƙin tabarau, wadda rana ke ƙona wa fuska? Ina za ta riƙa zuwa?"

"Umma, aikina ya hana ni faɗin maganar mutane."

Ta dube ni. "Ai kin faɗa." Ta ajiye kwalbar man. "Allah ya jiƙan ta. Mai wankin nan fa, mai 'yan biyu?"

Na sunkuyar da kai.

"Yarinyar nan da ke zuwa da littafi tana karatun jarrabawa a kan benci?"

Na ƙara sunkuyar da kai.

"To wa ya rage a bencin?"

"Sababbi, Umma. Sun fi na da yawa. Yanzu har a tsaye ake jira."

Ta daɗe tana murza tsumman a hannunta. Sai ta ce, "Ita Yayar taki me aka rubuta mata?"

"Nimoniya."

"Mece ce kuma haka?"

"Wanda ake cewa sanyin haƙarƙari."

"Sanyi." Ta maimaita kalmar a hankali. "Wato har a takardar mutuwarta sanyi muka ce."

"Ni na shigar da shi, Umma. Da hannuna. Na san ba haka ba ne, na shigar."

Na zaci za ta yi faɗa. Ba ta yi ba. Ta tashi ta jawo gwangwanin maɓallan Yaya daga ƙarƙashin keke, ta zazzage su a kan zane, ta ciro takardar rasuwar Yaya da asibiti ya ba mu daga ƙasa, an ninke ta huɗu. Ta ce, "Rubuta abin da za ki rubuta in sa hannu. Shekara shida tana fama da abu, a ce ko sunansa ba a rubuta mata ba."

Saura likitan da ya cike. A lokacin sabon likita ne mai kwana a ɗakin marasa lafiya, yanzu ya zama babba, ɗalibai suna bin sa a baya. Kwana uku ina tare shi a baranda yana cewa gobe. Rana ta huɗu na tsaya a ƙofar ofishinsa da fayil ɗin a ƙirjina na ƙi matsawa.

Ya karanta takardar a tsaye. "Ban yi ƙarya ba. Nimoniya ce ta ƙarasa ta."

"Ban ce ka yi ƙarya ba, Likita. Ka tsaya ne a layi na biyu."

"Kin san mutum nawa ke hannuna a lokacin? Gado arba'in, ni kaɗai. Ku na ƙasan bene kuna ganin rubutu abu ne mai sauƙi."

"Mu na ƙasan bene abin da kuka rubuta shi muke aikawa sama. Da shi za a rufe ɗakin Alhamis."

Ya ja tsaki, ya karɓi fayil ɗin ya fara buɗawa da sauri, sannan a hankali. Ya tsaya a wani shafi. "Gado na shida, kusa da taga. Tela ce?"

"Tela ce."

"Ita ce ta ce mini rigar aikina kamar ta aro ce, hannun ya yi mini tsawo." Ya ɗan yi dariya ta hanci. "Tana numfashi da ƙyar, tana cewa in kawo in ta warke ta rage mini." Ya dubi hannun rigarsa, ya dube ni. "Yayarki ce?"

Na gyaɗa kai.

Ya zauna. Ya ciro biro ya cike layi na uku da dogon sunan nan, harafi bayan harafi, ya sa hannu ya buga hatimi. Ya ce, "Allah ya jiƙan ta. Ni ba a taɓa gaya mini inda takardar nan take zuwa ba."

Na sauka ƙasa na buɗe na'ura. Na goge lambar da na sa shekara uku da suka wuce, na sa ta gaskiya. Huɗu ya koma biyar.

Baba yana tsaye a bayana. "Ɗaya ce fa, 'yata."

"Ɗaya ce, Baba. Amma tawa ce."

Ya juya ya koma teburinsa. Sai dai tun daga ranar, duk takardar da ta sauko da layi na uku a fari, yakan ɗauke ta ya hau matakala da kansa, makullansa suna kacau-kacau, ya mayar wa mai ita. Likitoci sun fara ɓuya in sun ji ƙarar.

Likitan Alhamis ya kai wa kwamiti takardar Yaya, tsohuwar da sabuwar. Suka ce mutum ɗaya ba hujja ba ce, amma sun ɗage hukunci wata uku, su ga ko akwai wasu. Akwai wasu. Ashirin da uku ne, na san kantar da kowace take, na san launin fayil ɗinta. Ba ni da ikon buga wa kowa waya.

Jiya da safe kafin in fita na tsaya a bakin tagar. Na taɓa kan allura ɗaya da yatsa, mai farin zare. Da ma a ce zan dawo da yamma a nuna mini matashin da haɓa, a ce yau kaza na ci. Ba zan samu wannan ba. Abin da na iya samo mata layi ɗaya ne a takarda.

Saura naku. Kai da ka binne matarka bayan ta shekara tana kukan gaɓoɓi da zubewar gashi, aka ce maka ƙoda ce. Ke da ƙanwarki ta riƙa ɓoye yatsunta a hammata. Takardar tana gidanku, cikin akwati ko ƙarƙashin katifa, ba ku sake buɗe ta ba tun ranar. Ku tashi ku ɗauko ta yau. Ku dubi layi na uku. In fari ne, ku rubuta buƙatar gyara, ku sa hannu, ku kai ɗakin fayil na asibitin da ta rasu, ku tsaya a ƙofar likitan kada ku matsa sai ya cike. Wata ukun nan sun fara tafiya. Ku kawo a ƙirga ta.